Wutar Tsangaya da Wutar Gidan Kallo

Ya ku malamai da alhazan kasuwa masu karanta wannan shafi, yau ina so in kawo muku wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau maganar hasken dare a nan Daura, da wanda ya ke da shi, da wanda ya rasa.

Daren Lahadi, 11 ga Fabrairu 2024, a farkon watan Sha'aban, na idar da sallar lisha na fito zaure don karatun dare. Cikin almajirai arba'in da 'yan kai, bakwai kaɗai na tarar, su ma ƙolaye ne waɗanda barci ya fara fizga, sai gardi guda yana gadinsu. Ga alluna nan jingine a bango, ba masu su. Na ce, "Ina yara?" Gardi ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ai yau ne Nijeriya ke karon ƙarshe da Kwaddebuwa."

Na ɗauki bulala na fita. Unguwa duka ta yi baƙi ƙirin, don kwana uku ke nan ba mu ga wutar lantarki ba. Wuri ɗaya tak ke da haske, wata rumfar kwano ce, janareto na ta ruri a bayanta. Can na iske nawa. Ba su da kuɗin shiga, sai suka jeru a waje suna leƙe ta hudojin kwano, wani bisa kafaɗar wani. Na daɗe tsaye ina dubansu. A daren nan aka ci Nijeriya 2 da 1 a Abijan, yara suka komo jiki a sanyaye. Ni kuwa na riga su komowa, ban taɓa kowa da bulalar ba, gama na ga abin da ban lura da shi ba a dā. Ƙwaro ba ya tambayar fitilar wa ce kafin ya je gare ta.

Tsofaffi daga cikinku sun san karatun dare bai taɓa rasa wuta ba. Zamanin da na ke titibiri, kowane almajiri sai ya shiga daji da la'asar ya ɗauro kara ko ƙirare. Da almuru a hura wuta tsakiyar tsangaya, a kewaye ta da alluna, haka kuma da asuba. Toka ta yi ta taruwa shekara da shekaru har ta zama tudu, baƙo kuwa in ya zo, da tsawon tudun nan ya kan gane daɗewar makaranta. Wutar nan ba a sayenta, ba wanda ya ke ɗauke ta. To, daji ya ƙare. Gonaki sun haɗe tun daga bayan gari har Zango da Baure, kara ya zama abin sayarwa don dabbobi da danni, itace kuwa sai mai kuɗi. Muka koma fitilar ƙwai. A 2016 gwamnati ta janye hannunta daga kananzir, har ya kai a 2024 litarsa ta fi ta fetur tsada. Fitilun ƙwai na nan rataye, gizo-gizo ya yi musu saƙa.

Wani bawan Allah ya taɓa ba makarantarmu ɗan ƙaramin janareto sadaka, muka ɗan ji daɗi. Ran 29 ga Mayu 2023, ranar da aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, ya faɗa cewa tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Tun daga nan na lulluɓe injin da buhu.

Ba na cewa tallafin nan ba shi da aibu, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Mu mutanen bakin iyaka mun sha ganin jarkoki bisa babura suna bin hanyoyin daji su kauce wa Kwangwalam, su nufi Matamaye da Damagaram, inda mai ya fi tsada. Saboda wannan ne ma a 2019, zamanin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mai laifi da marar laifi suka sha wuya tare. Amma ga inda gizo ke saƙa. Da mai ya yi tsada, mai gidan kallo bai kashe injinsa ba. Yana da mutum ɗari masu biya a ƙofa, sai ya ƙara kuɗin shiga, ya raba musu nauyin. Malam fa, wa zai raba wa? Kuɗin Laraba ba su sayen lita biyu. Ashe doka ɗaya ce aka yi a Abuja, ta bar wa wasa fitilarsa, ta hure ta karatu, alhali wanda ya yi ta ko kusa bai nufi haka ba.

Wata biyu bayan wannan, ran 26 ga Yuli 2023, soja suka kifar da Shugaba Bazum a Yamai. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya kuma ta yanke wutar da ta ke sayar musu, wadda ita ce mafi yawan abin da su ke sha. Wayar da ta tashi daga Katsina ta nufi ƙasar Maradi da Damagaram ta zama igiyar banza. An ce soja a ke horo. Amma soja ba su kwana cikin duhu ba, alaramman Matamaye ne ya kwana, kamar yadda na ke kwana. Ina da almajirai 'yan can, dangi ɗaya mu ke tun kafin Ingila da Faransa su ja layi tsakaninmu, iyayensu kuwa suka yi watanni ba su iya kawo musu ko tiyar gero ba, sai ta ɓarauniyar hanya. Ba a buɗe iyaka ba sai Maris 2024. A watan Oktoba na shekarar kuma mu ma muka ɗanɗana, sa'ad da manyan wayoyin da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda ba ko ƙyas. Injinan iska 37 na Lambar Rimi, waɗanda aka fara aikinsu tun 2005 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna, wannan kam na bar wa waɗanda suka san lissafin kuɗin da aka zuba.

Game da ita tamaula, wasu abokaina malamai sun ce in la'ance ta in huta. Ban ga haka ba. Mu ma mun yi langa da kokawa a farin wata, mun buga ƙwallon tsumma ran Alhamis. Har ma akwai abin da ta koya mini. Ina da wani yaro wanda na ɗauka daƙiƙi ne, wata uku yana fama da allo ɗaya bai wanke ba. Rannan na ji shi bayan katanga yana jero sunayen 'yan wasan Arsenal su goma sha ɗaya, da na benci, da ƙasar kowa, sunaye masu karya harshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce, af, ashe kan na da kyau, abin da a ke zuba masa da dare ne ya bambanta. Aibun da na gani a lokaci ya ke. Manyan wasannin Turai daren Talata da daren Laraba a ke yinsu, wajen ƙarfe takwas ko tara namu, daidai sa'ar tilawa.

Maganin da Allah ya kawo mana, ta hannun wani attajiri ne mai cinikin dabbobi a kasuwar Mai'aduwa. Ya zo kawo ɗansa, ya iske mu muna karatu da tocila guda. Bai ce kome ba. Bayan mako biyu ya aiko da farantin sola, da batir, da ƙwayaye huɗu. Mutane na ce masa faranti, ni kuwa allo na ke ce masa, don shi ma sai an wanke shi ya ke ɗaukar karatu. In ƙurar hunturu ta rufe shi, batir ba ya cika, ƙarfe goma ba ta yi sai haske ya dushe. Na sa titibiri biyu suna hawa su goge shi kowace safiya. Alhazai masu niyyar irin wannan alheri, ku kula da batir, a nan a ke cutar mutane. Mai araha ba ya shekara.

A nan ne na ke da roƙo ga manyan makarantun boko na garin nan. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri wadda aka aza harsashinta a Disamba 2019. Yaran da ke koyon aikin waya da inji a can, me zai hana a riƙa turo su zaurukanmu su haɗa mana sola, su koya wa gardawa gyaranta? Su sun sami wurin gwada hannu, gardi ya sami sana'a, attajiri ya sayi kaya bai biya ladan mai haɗawa ba. In da Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa, zai sa baki, na tabbata hakimai da dagatai za su ƙidayo makarantun allon ƙasarsu cikin kwana kaɗan.

Sa'an nan na yi wani abu wanda na san wasu za su zarge ni a kansa. Na ƙulla sharaɗi da yara. Tun da daren Laraba dā ma hutunmu ne, wanda duk ya kawo haddarsa ta mako ba gyara, na yarda ya je kallo a daren, gardi na biye da shi, su komo tare. Daren Talata kuwa nawa ne, ko wa ke wasa. Talatar da ta wuce na ƙirga su ƙarƙashin ƙwayayen nan huɗu, na sami talatin da takwas. Mutumin Arsenal na cikinsu, ya wanke allonsa, yana jiran Laraba. Biyar ɗin da suka rage kuwa, na san rumfar da zan same su.