Gani Ya Kori Ji: Shin Sauya Akwatin Jawo Kiɗa Yana Ƙara Wa Sauti Kyau?

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, watau abin da ido ya shaida ya fi labarin da kunne ya jiyo. Amma a fagen kimiyyar ji wannan zance yana da wata ma'ana ta biyu: abin da ido ya gani kan iya sauya abin da mutum ke zaton kunnensa ya ji. Za mu duba wannan al'amari ta hanyar wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin masu sha'awar kayan sauti a Turai da Amurka. Muhawarar kuwa ita ce: idan mutum ya sauya akwatin da ke jawo masa kiɗa daga intanet da wani mai tsada, ko kunnensa zai ji bambanci? Tambayar tana da nauyi, domin farashin irin waɗannan akwatuna yana kamawa daga wajen dalar Amurka 100 har zuwa fiye da dala 10,000.

Aikin Akwatin Jawo Kiɗa

Da farko ya kamata mai karatu ya san matakan da kiɗa ke bi kafin ya iso kunne. Kamfanoni irin su Spotify da Apple Music suna ajiye kiɗa ne a kwamfutocinsu a matsayin jerin lambobi. Akwatin jawo kiɗa shi ne ke karɓo waɗannan lambobi ta intanet. Daga nan sai wata na'ura ta juya lambobin su koma igiyar lantarki mai hawa da sauka, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika kuma ta kaɗa iska, sauti ya fito.

To, aikin akwatin bai wuce na ɗan aike mai kawo wasiƙa ba. Ƙa'idojin aika saƙo ta intanet sun tanadi hanyar binciken kuskure, ta yadda duk ƙunshin lambobin da ya lalace a hanya za a sake aiko shi. Akwatin kuma yakan tara wasu lambobin a ma'ajiyarsa kafin ya fara miƙa su. Saboda haka idan intanet ta yi rauni, kiɗan yakan tsaya ko ya yanke, ko kuma manhajar ta koma kan sigar da aka matse. Muddin dai akwatuna biyu sun miƙa lambobi iri ɗaya ga na'urar juyi ɗaya, wasiƙa ɗaya suka kawo, ko da ɗaya ɗan aiken ya zo a kan doki, ɗaya a kan jaki.

Iyakar Kunnen Ɗan Adam

Nan ne ilimin halittu ya shigo cikin maganar. Sauti yakan bugi fatar dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3 su isar da girgizar ga wani sashe mai siffar katantanwa, wanda ke cike da ruwa. A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi: kimanin 3,500 a sahun ciki, waɗanda ke aika saƙo ga ƙwaƙwalwa ta jijiyar ji, da kimanin 12,000 a sahun waje, masu ƙarfafa ƙananan sautuka. Georg von Bekesy ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda bayanin da ya yi na yadda girgiza ke tafiya a cikin wannan sashe.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma wannan iyaka ta sama tana raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa. Da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, sun tsara shi bisa wannan iyaka. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wanda bisa lissafin Harry Nyquist da Claude Shannon ya isa ya kama kaɗawa har sau 22,050. Kowane awo kuma yana da matakai 65,536, abin da ke ba da tazarar desibel 96 tsakanin ƙaramin sauti da babba. Idan muka tuna cewa ɗakin da ake ganin shiru ne yana da hayaniyar wajen desibel 30, kuma kunne yakan fara ciwo a wajen desibel 120, za mu ga cewa tazarar ta wadatar.

Yadda Ido Ke Yaudarar Kunne

To, me ya sa mutane masu gaskiya ke rantsuwa cewa sabon akwati ya fi daɗin ji? Amsar ita ce ji ba a kunne yake ƙarewa ba, a ƙwaƙwalwa ake kammala shi. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun nuna cewa idan aka haɗa muryar mai faɗin "ba" da hoton leɓen mai faɗin "ga", yawancin mutane "da" suke ji. Kazalika a 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun sa mutane su auna wasu lasifikoki, sau ɗaya suna kallonsu, sau ɗaya an kāre su da labule. Makin da aka ba lasifikokin ya sauya, manya masu ƙyalli suka fi samun yabo a lokacin da ake ganinsu, har a wurin ƙwararrun masu saurare.

Akwai wasu dalilai biyu. Na farko, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin kamannin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi, don haka kwatanta kiɗan yau da na jiya ba abin dogaro ba ne. Na biyu, idan na'ura ɗaya ta ɗara ɗaya ƙara ko da kaɗan ne, mai saurare yakan ce ta fi kyau, ba tare da ya lura cewa ƙara ce kawai ta bambanta su ba.

Abin Da Gwaji Ya Nuna

Maganin wannan yaudara shi ne gwajin da mai saurare bai san wace na'ura ce ke aiki ba. A 2007 Brad Meyer da David Moran na birnin Boston sun kwatanta kiɗan da aka naɗa da awo mai zurfi da shi wannan kiɗan bayan an rage shi zuwa matsayin CD. Cikin gwaji 554, sau 276 kacal aka dace, watau rabi, daidai da abin da mai cankar gaibu zai samu. Wasu masana sun soki zaɓin faya-fayen da aka yi amfani da su. A 2016 kuma Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara sakamakon gwaje-gwaje 18, ya tarar an dace da kashi 52 da ɗoriya cikin 100, waɗanda aka horar kuwa sun kai wajen kashi 60. Ke nan bambancin yana nan, amma ɗan mitsitsi ne. Idan haka lamarin yake alhali lambobin kansu sun bambanta, ina ga akwatuna biyu masu kawo lambobi iri ɗaya?

Inda Sauyi Zai Yi Amfani

Wannan ba ya nufin duk sauyi ɓarnar kuɗi ne. Za a iya jin bambanci idan tsohon akwatin yana da na'urar juyi maras inganci a cikinsa, ko yana shigar da gunjin lantarki cikin amfilifaya, ko kuma ta Bluetooth ake aika kiɗan, domin yawanci wannan hanya tana matse sauti. Haka nan wasu akwatunan suna iya daidaita sauti da yanayin ɗaki, kuma wannan aiki ne da kunne ke ji sarai. Amma babban sauyi yana wajen lasifika da ɗakin da take ciki. Bangon siminti da daɓe suna maido da sauti, darduma da labule kuwa suna shanye shi, kuma matsar da lasifika daga kusurwa kyauta ne.

Gwaji Domin Aji

Malamai za su iya gwada wannan da ɗalibansu. A samo na'urori biyu, a daidaita ƙararsu sosai, a ɓoye su da mai sarrafa su a bayan labule. A jefa kwabo sau 16 domin zaɓen wadda za a kunna a kowane zagaye, ɗalibai su rubuta amsa ba tare da shawara da juna ba. Wanda ya dace sau 12 ko fiye ya cancanci a sake gwada shi, domin sa'a kaɗai ba ta ba da haka sai kimanin sau 4 cikin 100.

Kammalawa

A taƙaice, akwatin da ke aiki daidai ya riga ya wuce iyakar da kunne zai iya tantancewa, kuma mai son gyara ya fara da lasifika da ɗaki. Daga ƙarshe, ɗalibai su sani cewa ƙwayoyin jin ɗan Adam idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na fuskantar haɗarin raunin ji saboda sauraren sauti mai ƙara, ta kuma ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80. Kowace na'ura da muka ambata ana iya sayo madadinta a kasuwa, amma ban da kunne.