Daga Burmi zuwa Mai Wurno: Yadda Ayarin Hijira Ya Zama Gari

A shekarar 1899 Faransawa suka ci Damagaram da yaƙi a Tirmini, bayan ƴan makonni kuma suka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. Ba a cika shekara huɗu ba Ingilishi suka shiga Kano a Fabrairun 1903, suka shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris. Daga nan tambaya ta zama ɗaya a zaurukan malamai: ya halatta Musulmi ya ci gaba da zama a ƙasar da Nasara ke mulki, ko tashi ya wajaba?

Tambayar tana da tushe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya kuma rubuta littafin Bayan Wujub al-Hijra a kan hukuncinta. Jikokinsa da almajiransu sun san littafin sarai, duk da haka amsarsu ta rabu biyu. Wazirin Sakkwato Buhari ya zauna, yana ganin a lallaɓa a tsare sallah da shari'a da rayukan talakawa ya fi a watse. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ɗaura sirdi ya fuskanci gabas. A ganina kowannensu addinin yake nema ya tsare, kuma bai kamata mai zaune a inuwa yau ya kira ɗayansu matsoraci ba.

Me ya sa gabas? Can Makka take, wannan kowa ya sani. Akwai kuma magana da ta daɗe a bakin jama'a cewa a ƙarshen zamani mutanen Shehu za su tashi su nufi kogin Nilu su tarbi Mahadi. Saboda haka da labari ya bazu cewa Sarkin Musulmi ya fito, manoma suka bar gonaki daf da damina, wasu sarakuna irin su Sarkin Misau Ahmadu suka bi sahu. Ganin ƙauyuka na zama kango, Ingilishi suka bi ayarin, suka cim masa a Burmi, kusa da kogin Gongola. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara waɗanda suka tsira ya ci gaba.

Irin wannan tafiya ba a yin ta da guzurin gida, don babu jakin da zai ɗauki hatsin shekara uku. Alhazan Damagaram da na Kano sun riga sun san dabarar tun kafin zuwan Nasara: a yi tafiya da rani daga rijiya zuwa rijiya, a bi ta gefen tafkin Chadi a shiga Wadai, daga nan Darfur da Kurdufan. In damina ta sauka sai a yada zango, a roƙi mai gari aron gona, a yi noma, a girbe, a sayar da rabi a ɗaure rabi. Malami ya buɗe allo ya yi rubutun sha, wanzami ya fito da zabirarsa, maɗinki ya kama allura, mata su yi fura da ƙosai. Da haka tafiyar wata shida take komawa shekaru. Yara suna girma a hanya, tsofaffi ana binne su a garuruwan da ba su taɓa jin sunansu ba. A lokacin Wadai ba ta faɗa hannun Faransawa ba sai 1909, Darfur kuwa tana hannun Sarki Ali Dinar har 1916, don haka mai hijira yana ratsa ƙasashen da Musulmi ke mulki, ko da yake ƴan fashi da masu kamun bayi ba su bar hanyar ba. Wanda ya dage sai Makka, a ƙarshe sai ya sauka Sawakin, ya shiga kwalekwale mai filafilai ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda.

Turawan Ingila ma suna da irin wannan labari. Wasu Kiristoci da suka ƙi bin cocin sarki sun fara gudu zuwa Holan, sannan a 1620 mutum 102 suka shiga jirgin ruwa mai suna Mayflower, suka yi kwana 66 a teku kafin su ga gaɓar Amurka. Sanyin farko ya kashe kusan rabinsu, sauran kuma sun rayu ne da taimakon ƴan asalin ƙasar, Wampanowag, waɗanda suka koya musu noman masara. Garin da suka kafa, Filimat, bai fita daga ƙarƙashin sarkin Ingila ba.

Mai Wurno shi ma haka ta same shi. Kafin ya isa Sudan, Ingilishi sun riga sun karya daular Mahadin Sudan a 1898, suna mulki tare da Masar. Ayari ba ya zama gari sai ya samu ƙasar noma da ruwa da yardar mai iko, kuma mai ikon a nan shi ne wanda aka gudo dominsa. Hukumar ta yi lissafinta: yaƙe-yaƙe sun rage mutanen yankin, tana bukatar manoma. Wajen 1906 aka ba Mai Wurno wuri a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, aka amince ya shugabanci mutanensa. Abin da suka samu ke nan: masallacinsu, malamansu, harshensu da sarkinsu. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari suka zama ƙarfin aikin tsinkar auduga, sababbin alhazai kuma suna sauka wajen ƴan'uwa su tara kuɗin jirgi.

Mutanen Sudan suna kiransu Fallata ko Takari. Garin yana nan har yau da sunan Mai Wurno, a jihar Sinnar, kuma sarautarsa tana hannun zuriyar Attahiru.