Albashin 'yan ƙwallo: wanne ne haƙƙinmu mu sani, wanne ne sirrin mai shi?

A Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, akwai abin da ɗan kasuwa ba ya faɗa ko da maƙwabcin shagonsa ne ya tambaya, wato nawa ya saro kaya da kuma nawa ya ci riba. Haka muka taso muka tarar, kuma babu mai ganin laifin hakan, domin Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai a cikin waɗannan layuka ne, musamman wajen masu sayar da rigunan ƙwallo da masu gyaran waya, ake kwashe safiyar Litinin ana musu a kan abin da wani ɗan wasa a Ingila ko Sifen ko Saudiyya ke ɗauka a mako. Kowa da adadinsa, kowa ya ce a waya ya gani. Mutumin da ba zai gaya wa ƙaninsa cinikin jiya ba, shi ne yake ganin dole a buɗe masa aljihun wani.

Ba mu kawo wannan don zolaya ba. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta shafi amana da haƙƙin ma'aikaci da dukiyar jama'a, ta kuma shafi burin yaran da ke cikin gidajenmu.

Mu fara da inda alƙaluman ke fitowa. A mafi yawan ƙasashen Turai, yarjejeniyar da ke tsakanin ɗan wasa da ƙungiyarsa sirri ce. Ƙungiyoyin Ingila, a matsayinsu na kamfanoni, suna miƙa wa hukumar rajistar kamfanoni bayanin kuɗinsu duk shekara, kuma kowa na iya dubawa, amma jimillar abin da aka biya dukkan ma'aikata ake gani a ciki, babu sunan ɗan wasa da adadinsa. Hukumar gasar La Liga ta Sifen takan wallafa iyakar abin da aka yarda kowace ƙungiya ta kashe a kan 'yan wasanta, nan ma a dunƙule. Saboda haka galibin abin da ake karantowa a kasuwa kirdado ne na 'yan jarida da na wasu shafukan intanet, ko kuwa abin da wani dillalin 'yan wasa ya tsegunta da gangan don ya ɗaga darajar hajarsa. Ɗan Kasuwar Gumi bai kamata a yi masa dogon bayani a kan wannan ba, ya san yadda dillali ke kambama tayin da aka yi a wani wuri don mai saye ya ƙara. Akwai ma waɗanda ke ɗauko adadin da shafin Transfermarkt ya rubuta a gaban sunan ɗan wasa su ce albashinsa ne, alhali ƙiyasin kuɗin da za a iya sayensa ne, kuma wannan kuɗi aljihun ƙungiya yake shiga.

Amurka ce ta fita daban. Tun daga 2007 ƙungiyar 'yan wasan gasar MLS take wallafa albashin kowane ɗan wasa da sunansa. 'Yan wasan ne da kansu suka zaɓi haka, domin wanda ya san abin da ake biyan takwaransa ba a cika yi masa wayo a wajen ciniki ba. Ta wannan hanya aka san cewa a 2023 Inter Miami ta lamunce wa Lionel Messi dala miliyan 20.4 a shekara. Ko a nan ɗin ma adadin bai haɗa da abin da yake samu daga kamfanonin da yake yi wa talla ba.

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi buƙatar nazari, wato fallasa. A 2015 wani matashi ɗan Fotugal, Rui Pinto, ya fara sakin takardun sirri na ƙungiyoyi da dillalai da sunan Football Leaks, daga baya mujallar Der Spiegel ta Jamus da wasu jaridu suka yi ta bincike a kansu. Takardun sun tona yadda ake kauce wa haraji da yadda ake karya dokokin kashe kuɗi, kuma hukumomi sun amfana da su. Duk da haka a watan Satumban 2023 kotu a Lisbon ta same shi da laifuka, ciki har da kutse cikin kwamfutocin mutane da yunƙurin karɓar kuɗi ta hanyar barazana, ta yanke masa ɗaurin shekara huɗu da aka jingine. Haka kuma a ranar 31 ga Janairun 2021 jaridar El Mundo ta buga yarjejeniyar Messi da Barcelona, wadda ta kai Yuro miliyan 555 cikin shekara huɗu idan duk sharuɗɗan sun cika, kafin a cire haraji. Duniya kuwa ta yi ta yaɗawa.

Ɗalibin da ya karanta Suratul Hujurati ya san cewa aya ta 12 ta haɗa hani uku wuri guda, mummunan zato da bin diddigin sirrin mutane da kuma giba, aya ta 6 kuma ta yi umarni da a tantance labari kafin a ɗauke shi. Dukiyar mutum na cikin abin da Shari'a ta tsare masa, kuma shahara ba ta cire wannan kariya. Idan ɗan wasa yana aiki da kamfani mai zaman kansa, ana biyansa daga kuɗin talabijin da tikiti da talla, ba mu ga hujjar da za ta ba wanda ya sayi riga a Kaduna ikon cewa sai an nuna masa takardar albashinsa ba. Malamai sun yi rangwame a kan tona abin da ke ɓoye idan akwai zalunci da ake son kawarwa, kuma a kai shi gaban wanda zai iya kawar da shi. Wannan daban yake da neman abin hira.

Ɓarnar da waɗannan alƙaluma ke yi a gidajenmu kuwa ta wata ƙofa take shigowa. A ɗauka an ce wani yana karɓar fam 300,000 a mako, a kuma ɗauka fam ɗaya naira 2,000 ne. Nan take yaro zai lissafa naira miliyan 600 cikin kwana bakwai, ya dubi mahaifinsa da ya shekara talatin yana auna yadi. Ba a gaya masa cewa a Ingila harajin manyan masu samu kashi 45 cikin ɗari ne ba, ko cewa sana'ar kan ƙare kafin mutum ya kai arba'in, ko cewa karaya ɗaya na iya rufe ta a wuni guda. Ba a kuma gaya masa cewa a bayan kowane tauraro akwai dubban da suka bar makaranta ba su isa ko'ina ba. Kaduna ta fi garuruwa da yawa saurin kamuwa da wannan buri, domin ta ga abin da idonta. A nan aka haifi Daniel Amokachi, wanda ya tashi daga Ranchers Bees zuwa Club Brugge ta Beljiyam, sannan Everton a 1994. A nan aka haifi Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, da kuma Sadiq Umar da Real Sociedad ta saya daga Almeria a 2022. Yaron Tudun Wada ko Badarawa da ya ce zai zama kamar su bai yi mafarkin banza ba. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma macutan da ke kiran kansu wakilan ƙungiyoyin waje da irin waɗannan alƙaluma suke shiga gida, har uwa ta sayar da ɗan kunnenta, uba ya jinginar da fili, a yi wa yaro kuɗin tafiya gwaji. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana mutum rataya zuciyarsa a kan abin da aka fifita wani da shi, ta kuma mayar da shi ga roƙon falalar Allah, kariya ce ga irin wannan gida tun kafin ta zama wa'azi.

To amma da zarar mun juyo gida, hukuncin ya sauya, kuma a nan ne muke ganin masoya ƙwallo sun yi sakaci da haƙƙin da yake nasu na gaskiya. Mafi yawan ƙungiyoyin gasar Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists ta Bauchi da El-Kanemi Warriors ta Borno da Niger Tornadoes duk haka suke, haka ma Kaduna United wadda ta ci Kofin Tarayya a 2010 bayan ta doke Enyimba. Kuɗin da ake biyan 'yan wasan irin waɗannan ƙungiyoyi daga baitulmali yake fitowa, wato daga asusun da harajin ɗan kasuwa da kuɗin shagonsa ke shiga. Wanda ya tambayi nawa aka ware, nawa aka saki, nawa ya isa hannun 'yan wasa, bai shiga sirrin kowa ba, dukiyarsa yake tambaya. Tarihin Musulunci ya san wannan sarai. Manzon Allah (SAW) ya binciki Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin da ya aika karɓar zakka, a kan abin da ya ce kyauta aka yi masa, kuma Sayyidina Umar (RA) ya kasance yana bin kadin dukiyar gwamnoninsa, ya mayar da abin da ya ga ya wuce ƙima cikin baitulmali. A dokar ƙasa ma akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanin yadda hukuma ta kashe kuɗi.

Abin takaici, sirrin da ke lulluɓe da albashi a gasarmu ba ɗan wasa yake karewa ba, sau da yawa shi yake cuta. A zamanin kamfanin LMC da ya gudanar da gasar, an kafa naira 150,000 a wata a matsayin mafi ƙarancin albashin ɗan wasan babbar gasa. A lokacin adadin ya ninka albashin ƙaramin ma'aikacin gwamnati sau da yawa. Yau kuwa, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 tun 2024, na Jihar Kaduna kuma 72,000, kowa ya san abin da tsadar rayuwa ta yi wa wannan adadi. Babbar matsalar ma ita ce samunsa a kan lokaci. Labarin 'yan wasan da ke bin bashin albashi na watanni da kuɗin alawus na wasanni ya daɗe da zama ruwan dare a jaridunmu, har akan ga 'yan wasa sun je ƙofar gidan gwamnati suna neman haƙƙinsu. Waɗannan magidanta ne masu haya da kuɗin makaranta, suna keta dare a mota daga Arewa zuwa Kudu don su buga wasa, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Mai kallon da ya haddace albashin Cristiano Ronaldo a Al-Nassr bai san ko an biya mai tsaron gidan ƙungiyar jiharsa watan jiya ba.

Fiƙihu ya yi wa wannan fage shimfiɗa tun da daɗewa. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin da ya gindaya wa ijara sharaɗin a yanke wa'adi a kuma ambaci lada. Jahiltar lada na ɓata ƙulli, domin ita ce ke haifar da jayayya. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito a kan gaggauta biyan ɗan ƙwadago sananne ne, haka ma wanda ke cikin Bukhari da ya sanya mai cinye ladan ma'aikaci cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama. A lura da inda Shari'a ta ɗora wajabcin bayyanawa: tsakanin mai aiki da mai ba da aiki ne, da shaidu, da rubutu. Jama'ar gari ba sa cikin sharaɗin, sai idan kuɗin nasu ne.

Wannan ya dawo da maganar cikin shagunanmu, ko da ba mu so. Yara nawa ne ke wuni a tsaye a Babbar Kasuwa, suna buɗe shago suna rufewa, ba a taɓa yanka musu albashi ba, ba a kuma faɗi shekarar da za a sallame su ko jarin da za a ba su ba? Ana ba su na abinci da na mota, sauran kuwa sai abin da ubangida ya ga dama. Akwai iyayen gida na kirki da suka sallami yaransu da alheri mai yawa, kasuwar cike take da shaidar hakan. Amma inda aka bar abu a duhu, ranar rabuwa kowa da lissafinsa, kuma shugabannin kasuwa sun san yawan ƙarar da ke zuwa gabansu a kan haka. Ɗan wasan da aka sa ya sa hannu a takardar da ba a ba shi kwafinta ba, da yaron shagon da ba a rubuta masa komai ba, ciwonsu ɗaya ne.

Ga masu son ganin gyara a ƙwallonmu, akwai matsakaiciyar hanya da ba ta buƙatar a tona asirin kowa. Ƙungiyar da ke cin kuɗin jiha za ta iya wallafa jimillar albashinta a shekara, da matakan albashin ba tare da sunaye ba, da watan ƙarshe da ta biya, da bashin da ake bin ta, da abin da ta samu idan ta sayar da ɗan wasa da inda kuɗin ya shiga. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi yin shiru a kansa. Majalisar dokokin jiha, wadda ke amincewa da kasafin ma'aikatar wasanni, tana da ikon neman waɗannan takardu, ƙungiyoyin magoya baya kuma suna da ikon rubuta mata. Shi kuwa ɗan wasa, yana da kyau iyalinsa su san cewa tun 2018 dokar FIFA ta ba shi damar warware yarjejeniya idan aka riƙe masa albashin wata biyu, bayan ya ba ƙungiyar wa'adin kwana 15 a rubuce. Sharaɗin cin moriyar wannan doka shi ne ya kasance yana riƙe da kwafin yarjejeniyarsa, da shaidar banki ta abin da aka biya shi da wanda ba a biya ba.