Tallafin Gyaran Gida Ga Dattawa: Yadda Tsarin Yake Aiki a Karkarar Amurka

Kamar yadda aka sani, babban burin kowane dattijo shi ne ya ƙarasa kwanakinsa a gidan da ya gina, kusa da maƙwabtansa da gonarsa. Sai dai sau da yawa lalacewar gidan ce kan fitar da tsoho daga cikinsa tun kafin rashin lafiya ta yi hakan. Rufi ya fara yoyo, katanga ta tsage, ga shi babu ƙarfin aiki, babu kuɗin biyan magini. Wannan ne ya sa wasu gwamnatoci suka ware kuɗi na musamman domin gyaran gidajen tsofaffi. Za mu yi bayanin ɗaya daga cikin irin waɗannan tsare-tsare domin amfanin mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi.

Asalin Shirin

Shirin ya samo asali ne daga Sashe na 504 na Dokar Gidaje ta Amurka ta shekarar 1949, kuma Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar ce ke gudanar da shi ta hannun ofisoshinta na raya karkara. Manufarsa ita ce a gyara gidan da mutum yake ciki, a kawar da duk abin da ke barazana ga lafiyarsa ko rayuwarsa.

Waɗanda Suka Cancanta

Dole ne mai nema ya kasance shi ne mamallakin gidan, kuma a cikinsa yake zaune. Dole ne gidan ya kasance a yankin karkara. Har ila yau, ana duba abin da iyalin ke samu a shekara, wanda bai kamata ya wuce rabin matsakaicin samun mutanen yankin ba. Sannan sai an tabbatar cewa mai neman ba zai iya samun rance mai sauƙi a wani wuri ba.

Rance da Kyauta

Tallafin kashi biyu ne. Na farko rance ne da zai iya kaiwa dala 40,000, wanda ake biya cikin shekara 20 da kuɗin ruwa kashi 1 cikin 100. Wanda ya karɓi dala 10,000, alal misali, zai riƙa biyan kimanin dala 46 a kowane wata.

Na biyu kyauta ce da aka keɓe wa masu shekara 62 zuwa sama waɗanda ba su da halin biyan rance. Iyakarta dala 10,000 a tsawon rayuwar mutum, kuma ba a kashe ta sai a kan abin da ya shafi lafiya da tsaron rai, kamar rufin da ke yoyo, wayar lantarki da ta lalace, gyaran makewayi, kafa ƙarfen dafawa, ko yin gangare a bakin ƙofa domin mai keken guragu. Idan aka sayar da gidan kafin cikar shekara uku, wajibi ne a mayar wa gwamnati kuɗinta. An sanya wannan sharaɗi ne domin kada wani ya fake da tsoho ya gyara gida da kuɗin jama'a, sannan ya kai shi kasuwa.

Hikimar tsarin a fili take. Faɗuwa na daga cikin manyan abubuwan da ke kwantar da tsofaffi, kuma wanda ya karye a ƙugu yana da wuya ya koma yadda yake. Kuɗin gyaran dokin ƙofa ko daɓen makewayi bai kai na jinyar karaya ba, balle na ɗaukar nauyin mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da Ya Shafe Mu

Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ambaci samar da matsuguni da kula da tsofaffi a cikin manufofin da ake son gwamnati ta sa a gaba. A shekarar 2018 aka sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Ke nan tushe yana nan a rubuce.

A ƙauyukanmu ba a san kai iyaye gidan tsofaffi ba, amma tafiyar matasa birane da cin rani ta bar dattawa da dama su kaɗai a ɗakunan ƙasa. Ginin ƙasa kuwa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin faɗuwar damina, in ba haka ba ruwa ya jiƙa azara, soro ya rufto wa na ciki. Game da kuɗin ruwa, wanda addinin Musulunci ya hana, ana iya maye gurbinsa da rance marar ruwa, ko a nemi gudummawar hukumomin zakka da waƙafi da wasu jihohin Arewa suka kafa.

Saboda haka ana kira ga masu unguwanni, dagatai da kansiloli da su riƙa zagayawa tun cikin rani suna rubuta sunayen dattawan da ɗakunansu ke buƙatar gyara, su fara da gwagware da marasa 'ya'ya a kusa, su miƙa wa sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Inda aikin bai wuce yaɓe da canjin azara ba, aikin gayya na yini ɗaya ya isa. Haka nan 'ya'yan da ke birni su tuna da ɗakin iyayensu kafin hadari ya haɗo.