Baturen Da Ya Zo Koyon Ginin Ƙasa

Jos gari ne na kuza. Haƙar kuza ce ta tara jama'a can daga ko'ina, har da mutanenmu na ƙasar Hausa masu zuwa aikin lebura. Amma akwai wani baƙo da ya yi aiki a Jos wanda ba kuza ce ta kawo shi ba. Ginin ƙasa ne ya kawo shi.

Sunansa Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Polan, masanin zanen gine-gine. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba shi da gida, ya zauna a Ingila. A 1958 ya zo Nijeriya, ya kama aiki da ma'aikatar kula da kayan tarihi. Shi da samarin da ya koya wa aiki suka riƙa bin garuruwa da igiyar awo, suna auna soraye da zauruka da masallatai, suna zana su a takarda.

Daga baya ya kafa filin gine-ginen gargajiya kusa da gidan kayan tarihi na Jos. A can magina suka tā da irin ganuwar Kano, da irin masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Baturen ya rasu a 1982. Littafinsa, mai kashi uku, ya fito a 1990.

To, 'yan'uwa manoma, ina ruwanmu da wannan labari? Da ruwanmu. A ƙauyukan ƙasar Daura muna ganin mutum ya sayar da gero tun kaka don ya sayi siminti da kwano. Kafin bazara rumbu ya ƙare, ɗaki kuma ya yi zafi kamar tanda. Alhali soron da aka gina da tubali, aka rufe da azara, yana riƙe sanyi da rana, ya riƙe ɗumi da hunturu. Gara ba ta cika cin azarar giginya ba. Makuba kuwa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana tsare bango daga ruwan sama.

Gaskiya ne ginin ƙasa yana son kulawa. In ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo kafin damina ba, soro zai yi yoyo, har ya faɗi. Giginya da ɗorawa ma suna raguwa, tsofaffin magina suna ƙarewa.

Ga shawararmu ga kowace ƙungiya. Ku sa yara biyu ko uku su bi maginin garinku su koya. Ku shuka giginya da ɗorawa a gonar ƙungiya, ku tsare su daga awaki. Ku sa ranar gayya ta yaɓe kafin ruwan fari. Wanda ke da ɗan kuɗi ya sa siminti a gindin bango, inda ruwa ke ci, ya bar sauran.

In baƙo ya ƙetaro teku don ya auna soronmu, bai kamata mu masu gida mu raina shi ba.