Ciki da Maƙoƙo: Nauyin da Juna Biyu Ke Ɗora wa Wuyan Uwa

A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, idan wuyan mai juna biyu ya ɗan cika, tsofaffi kan ce ciki ne ya karɓe ta. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma farkon maƙoƙo ne. A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta mai ɓari biyu da likitoci ke kira tayirod. Nauyinta bai wuce giram 25 ba, amma sinadarin da take fitarwa shi ke daidaita zafin jiki, bugun zuciya da yadda jiki ke ƙona abinci. Ba ta iya haɗa shi sai da aidin, kuma tana aiki ne da umarnin wani sinadari mai suna TSH da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa.

Da ciki ya shiga, lissafin nan yakan canza. Mabiyiya tana fitar da sinadarin hCG, wanda shi ne gwajin fitsari ke ganowa a ce mace ta samu. Ƙirarsa ta yi kusa da ta TSH, kamar makullin da ke buɗe kwaɗon maƙwabci, don haka yakan tunzura tayirod ta ƙara aiki. Yana kaiwa ƙololuwa wajen mako na 10 zuwa 12, daidai lokacin da laulayi ke tsananta. Shi ya sa mai amai ba ƙaƙƙautawa, musamman mai ɗauke da tagwaye, kan ji zuciyarta na bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi na karyo mata. Yawanci wannan yakan lafa da kansa kafin tsakiyar ciki. Abin da take buƙata shi ne ƙarin ruwa da maganin amai, ba maganin daƙile tayirod ba.

Sai kuma sinadarin mata, istirojin. Shi yana sa furotin ɗin da ke riƙe sinadarin tayirod a cikin jini ya ninka kusan biyu, kuma abin da aka riƙe ba ya aiki. Dole tayirod ta ƙara samarwa da kusan kashi 50 cikin ɗari. Ga ƙoda tana zubar da aidin cikin fitsari fiye da da, ga ɗan tayi na jan nasa rabon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Inda aidin ya wadata, tayirod kan ƙara girma da kamar kashi 10 cikin ɗari. Inda ya yi ƙaranci, ƙarin kan kai kashi 20 zuwa 40. Matar da ke haihuwa a kai a kai, wuyan ba ya samun sararin komawa yadda yake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yana wajen jariri. Tayirod ɗinsa ba ta soma aiki sai wajen mako na 12, ba ta kuma tsayawa da ƙafarta sai mako na 18 zuwa 20. Kafin nan ƙwaƙwalwarsa na ginuwa ne da sinadarin uwa. Waɗannan watannin kuma su ne matanmu ke ɓoye ciki saboda kunya, musamman na fari, ba a zuwa awo sai ciki ya fito fili. Rashin tsaro a hanyoyi ya ƙara nisanta asibiti. Ƙarancin sinadarin tayirod na iya jawo ɓari, bakwaini, ko yaron da zai taso karatu na yi masa wuya. Mutanen yankin nan sun san ciwon abin da ido ba ya gani: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, ta bar wasu da rauni a ƙwaƙwalwa. Ƙarancin aidin ba ya kisa da sauri haka, shi ya sa ba a yi masa gangami.

Maganin kuwa yana cikin tukunyar miya. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri, a 2005 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka shaida ta cika wannan sharaɗi. Sai dai gishirin da aka zazzage daga buhu aka baza a faranti cikin rana ko danshi yakan rasa aidin ɗinsa a hankali, manda da kanwa kuma ba sa maye gurbinsa. Bincike a Darfur ta Sudan ya nuna gero na ɗauke da abubuwan da ke rage wa tayirod ƙarfi idan aidin ya yi ƙaranci. Ba cewa nake a bar fura da kunu ba. Gishirin za a gyara.

Matar da ke shan levothyroxine, maganin ƙarancin sinadarin tayirod, tun kafin ciki tana buƙatar ƙarin maganin da kusan kashi 25 zuwa 30 da zarar ta tabbatar ta samu, bisa umarnin likita, ta kuma raba shi da maganin ƙarin jini da awa huɗu, domin ƙarfen da ke ciki na hana shi shiga jiki. Bayan haihuwa ma ba a gama ba: kusan mace ɗaya cikin ashirin tayirod ɗinta kan rikice a shekarar farko, a ɗauka gajiyar jego ce.

Maigida, ka sayo gishiri mai aidin na cikin leda, a ajiye shi a rufe. Idan matarka ta yi ɓatan wata, ka kai ta awo a watan nan, kada ka jira na biyar. In kuwa akwai kumburin wuya, ɓari a jere ko maƙoƙo a dangi, ku roƙi ma'aikatan lafiya su tura ku gwajin TSH, ko da sai an je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.