Ruwan da Ke Kashe Kifin Ado a Falo

A shekarar 1999 wani kifin zinare mai suna Tish ya mutu a arewacin Ingila yana da shekara 43 a duniya, har kundin Guinness ya rubuta sunansa. Nasa dai ya fita daban, amma ko gama-garin kifin zinare, in ya sami kulawa, yana yin shekara 10 zuwa 15. To me ya sa wanda ake saya wa yara a garuruwanmu, a kawo shi cikin leda ana murna, ba ya kai wata guda? Sai ka ji maigida ya ce ai dama ba sa daɗewa. Suna daɗewa. Ruwan da aka sa su ne yake kashe su, kuma mafi yawan lokuta ruwan yana nan garau kamar a sha.

Wannan kifi asalinsa ƙasar Sin ne, inda aka fara kiwonsa fiye da shekara dubu da suka wuce, tun zamanin daular Song ana zaɓen masu launi ana haɗa su. A kududdufai da manyan randuna suka raine shi. Kifi ne mai ci, mai kashi, mai girma: irin mai dogon jiki yana iya kai santimita 30. Saboda haka 'yar kwalbar nan mai kamar tulu da ake sayarwa tare da shi ba gida ba ce. Bakinta ƙarami ne, iska ba ta shiga ruwan sosai, kuma ruwan bai isa ya sirka ƙazantar da kifin ke fitarwa ba. Garin Monza na Italiya ya hana ajiye shi a irin wannan kwalba tun 2004. Abin da masana kiwonsa suka fi bayarwa shi ne kimanin lita 75 ga kifi ɗaya mai gajeren jiki, wato jarka uku ta 'yan ga-ruwa mai lita 25, sannan a ƙara kamar lita 40 ga kowane ƙarin kifi. Wanda ba shi da wurin wannan, gara ya haƙura.

Gubar da ke yin kisan sunanta amoniya. Kifin da kansa yake fitar da ita ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe kuma su ƙara. Ba ta da launi. Tana ƙona waɗannan kafofi, sai ka ga kifin ya taso sama yana haki, ko ya kwanta a ƙasa ya naɗe fikafikansa, wani lokaci da jan zane a wutsiya. Maganinta wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin soson matatar ruwa da tsakuwar ƙasan tanki. Wani rukuni yana mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, wani rukunin ya mayar da naitirait naitiret, wadda kifi ke iya jure wa in ba ta yi yawa ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita a sabon tanki sai an yi mako huɗu zuwa shida. Shi ya sa sabon tanki ya fi tsohon haɗari, shi ya sa kuma zuba kifi biyar rana ɗaya cikin tankin da aka sayo da safe kusan hukuncin kisa ne.

A nan ne masu tsabta suke yin ɓarna. Uwargida ta ga gilashi ya fara kore, ta kwashe kifi a roba, ta zubar da ruwan gaba ɗaya, ta sa omo ta dirje tanki da tsakuwa da soso, ta cika da ruwan famfo. Garin gyaran gira an rasa ido: an kashe ƙwayoyin da ke tsare kifin, an bar masa ragowar sabulu, an kuma canja masa zafin ruwa farat ɗaya. Abin da ake so shi ne a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, ana zuƙo dattin ƙasa da mesa, a mayar da sabo. Soson matata kuwa a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin ake matse shi. Sabulu ba ya kusantar komai, har bokitin ma a ware masa nasa. Koren gilashi ba ya cutar da kifi, ido kawai yake damu.

Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin. In kulorin ne zalla, ajiye ruwan a buɗe kwana ɗaya ko biyu yana sa ya fice, amma akwai wani nau'insa, kuloramin, da ba ya fita da ajiya, sai da maganin da masu sayar da kifin ado ke da shi. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma yakan fito da ƙarancin iska, don haka shi ma a bar shi ya sha iska tukuna. Rijiyar da aka zuba wa magani lokacin damina, a ɗauke ta kamar famfo.

Sai abin da littattafan Turawa ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ne babba. Kifin zinare na ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 23. Lokacin hunturu ba matsala. Amma daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ruwa yana ɗumi, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe oksijin da yawa. In aka haɗa da ɗauke wuta, injin iska da matata suka tsaya, dare ɗaya ya isa. A ajiye tanki a wuri mafi sanyi a gidan, nesa da taga. A nemi ƙaramin injin iska mai batir, ko a jona na wutar da sola. In babu, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubo shi daga sama, kuma kada a ba da abinci sai wuta ta dawo. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage zafi a hankali. Jefa ƙanƙara ciki kuwa sauyi ne na gaggawa da ke girgiza kifin.

Maganin sauro ma kisa yake yi. Wanda ake fesawa da wanda ake kunnawa galibi suna ɗauke da sinadaran da ke da matuƙar guba ga kifi, fiya-fiya kuwa ba a magana. Kafin a yi feshi a rufe tankin ruf, a kashe injin iska don kada ya zuƙo maganin ya tura cikin ruwa, sai ɗakin ya washe a buɗe. Hannun da aka shafa wa mai ko humra, kada a tsoma shi.

Abinci sau biyu a rana, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti biyu. Kifin nan ba shi da tumbi irin namu, kullum kamar mayunwaci yake, yara kuma tausayi gare su. A ɗaga gwangwanin sama inda hannunsu ba ya kai, a kuma hana su jefa burodi da tuwo.

In aka ga fararen ɗigo-ɗigo kamar gishiri a jikinsa yana goga jiki da tsakuwa, wata ƙwayar cuta ce mai saurin yaɗuwa, tana da magani a shagunan kifin ado, kuma yawanci sabon kifi ne yake shigo da ita. Don haka wanda aka sayo a ware shi a wani mazubin mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da na gida. Ranar da aka kawo shi, a ɗora ledar a kan ruwan mazubin kamar minti ashirin zafinsu ya daidaita, sannan a ciro kifin shi kaɗai, ruwan shago a zubar da shi waje.